Tayin Katafila

Jiya da la'asar ina zaune a bayan gida, na miƙe ƙafa ina jiran zafi ya sauka, sai iska ta kawo mini amon gangunan 'yan badujalar jami'a. Sun fara gwaji ke nan. Duk wanda ya daɗe a Greensboro ya san abin da wannan kiɗa yake nufi: watan Agusta ya raba, kakar ƙwallo ta ƙarato. Ba irin tamu ta gida ba, tasu ta nan, wadda ƙarti ke sa hular kwano su rungumi ƙwallo a ƙirji suna bangazar juna, amma duk da haka su ce sunanta ƙwallon ƙafa. Shekara arba'in da wani abu ina musu da su a kan wannan suna, har yau ban yi nasara ba.

Ina nan sai ga Kabiru, babban ɗana, ya taso daga Summerfield sanye da rigar makarantar. Shi ma can ya yi karatu, kuma ciwon ƙwallon nan ya fi kama shi fiye da ni. Ko gama gaisuwa bai yi ba ya miƙo mini waya.

"Baba, ka ga sun fitar da sunayen? 'Yan wasa goma da suka fi kowa a tarihin makarantar."

Na ce, "Katafila na ciki?"

Ya sosa ƙeya. "Baba, ai Kawu Lemuel bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba."

"Kai, tafi can! Wannan da kuka sa na uku, ta bayan wa ya riƙa wucewa? Tsuntsu ne shi da zai tashi sama? Duk gudun da kuke yaba masa, a hanyar da Katafila ya share ya yi shi."

Aikin Lemuel, abokina da nake kira Katafila, ke nan a fili. Yana sahun gaba, ya ture duk wanda ya tare hanya, mai gudu da ƙwallo ya bi ta bayansa. Irinsu ko taɓa ƙwallon ba sa yi, shi ya sa masu rubuta sunaye ba sa ganinsu.

Muna cikin wannan musu wayata ta yi ƙara. Denise ce, 'yar Lemuel. Da jin muryarta na san ba lafiya. Ta ce yau kwana biyar babanta bai sa komai a cikinsa ba sai kurɓin ruwa. Tun da matarsa ta rasu watanni huɗu da suka wuce yake ja da baya, yanzu kuma ya juya wa abinci baya gaba ɗaya. Likita ya ce in bai ci ba zuwa ƙarshen mako, sai a kwantar da shi asibiti a sa masa roba ta hanci, shi kuwa ya rantse ba mai sa masa. Na ce mata gobe da safe ina nan tafe. Na leƙa kicin na ce wa matata Hajiya ta jiƙa shinkafa, ta niƙa gyaɗa, za a dama kunu da asuba.

Na koma kujerata, gangunan nan suna ta tashi, zufa tana bin bayana. Sai ga ni tsundum a cikin wancan Agustan.

A shekarar da na zo ƙasar nan, azumi ya faɗo a tsakiyar irin wannan zafi. Ina da shekara ashirin da shida, na yi shekara biyar ina koyarwa a firamare a Funtua, yara suna durƙusawa su gaishe ni a hanya. Gwamnatin jiha ce ta turo mu ƙaro ilimi, sai guzurin da za ta biyo mu da shi ya maƙale a hanya. Allah ya taimake ni aka ba ni aiki a ɗakin wankin 'yan ƙwallo. Ladan aikin shi ne gado, da izinin cin abinci tare da 'yan wasa. Malam guda ya koma wankin safar ƙarti. Ban rubuta wa kowa wannan a wasiƙa ba.

Ranar da zan taso daga gida, mahaifina ya rako ni har tashar mota. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Sule, za ka ƙasar da ba a kiran salla. Kada ka dawo mini da ramuwar azumi." Na ce masa in Allah ya yarda ko ɗaya ba zan sha ba.

Ban san zafin nan ba lokacin da na yi wannan alkawari. Zafin gida na san shi, busasshe ne, ka shiga inuwar darbejiya ka tsira. Na nan jiƙaƙƙe ne, yana bin mutum har cikin inuwa, kamar an lulluɓe ka da bargon da aka tsoma a ruwan zafi. Riga ba ta bushewa a jiki. Gyare suna kuka a kan itatuwa tun hantsi har kunne ya gaji. Ga rana ba ta da niyyar faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas.

Wani ɗalibi ɗan Sudan ne ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce an ga wata. Masallaci babu, tafsiri babu, mai ƙosai babu. A daidai makon kuma 'yan ƙwallo suka shiga horon shekara, sau biyu a rana.

Ga yadda yinin yake tafiya. Bayan asuba in je in fasa ƙanƙara, in cika manyan durom biyu da ruwa, in ɗora su a amalanke in tura zuwa fili. Raɓa tana kan ciyawa, ƙafa tana nutsewa cikin jan laka. Su yi ta karo da juna har hantsi ya ɗaga. Kocin wancan zamani ba ya yarda a sha ruwa sai ya busa usur, a ganinsa ƙishirwa tana ƙara wa namiji zuciya. Da ya busa, sai ka ga ƙarti sun yo kaina a guje. Ni ke ɗiba ina miƙawa. Ina jin kukan maƙogwaronsu, ƙwat, ƙwat, ƙwat, ruwan sanyi yana zuba ta haɓarsu yana jiƙa mini hannu. Wani ya kurkure baki ya tofar, wani ya juye sauran a ka. Ni ne mai ruwa, kuma ni kaɗai ne ba na sha.

Daga nan in kwashe rigunan da suka jiƙe sharkaf in kai injin wanki. Ɗakin a ƙarƙashin ƙasa yake, taga ɗaya ce ƙarama, injin busarwa yana huci. Da azahar in sake fasa ƙanƙara, in sake turawa, in sake miƙawa. Da yamma wani wankin.

Duk wannan da sauƙi, da a ce akwai abin buɗa-baki. Ɗakin cin abinci ƙarfe shida da rabi ake rufe shi, kuma doka ta hana fita da ko cokali ɗaya. Ina wucewa in ji ƙamshin soyayyen kifi, in ga ana juye ragowa a bola. Za ka ce me ya hana ni zuwa in yi wa masu dafa abincin bayani? Kunya. Malamin makaranta guda, in je in tsaya gaban mata in ce a ajiye mini abinci? Ina! Sai na sayi burodi irin nasu mai laushi kamar auduga, da kwalbar niƙaƙƙiyar gyaɗa. Su ne buɗa-baki, su ne sahur, da ruwan famfo. A kwana na uku wandona ya fara zamewa.

A ranar ne na fara magana da Lemuel. Ƙato ne na gaske, baƙi, wuyansa ya kai cinyata, amma muryarsa a ƙasa take kamar mai jin nauyin mutane. Tun ranar da na ga ya ture mutum biyu lokaci guda na sa masa suna Katafila a zuciyata. Gwiwarsa ta hagu tana damunsa, don haka kullum da yamma yakan sauko ya tsoma ta a bahon ƙanƙara da ke kusa da injin wanki.

Ranar ya shigo da kwando. Mahaifiyarsa ce ta aiko daga gonarsu ta Pleasant Garden. Ya buɗe, ƙamshi ya cika ɗakin: soyayyar kaza, burodin masara, gasasshen dankali. Ta ƙaramar tagar nan ina ganin rana ta yi ja, saura kaɗan. Cikina ya yi wata ƙara da na tabbata ya ji.

Ya ɗago ya ce, "Za ka ci?"

Na ce, "A'a, na gode. Na ƙoshi."

To me zan ce? Haka aka rene mu. A gida in an yi maka tayi, ba ka zabura ka sa hannu kamar wanda ya shekara bai ga tuwo ba. Ka ce alhamdu lillahi, mai abinci ya ce haba, sa hannu mana, ka ce wallahi yanzu na tashi daga kai, shi kuma ya turo kwanon gabanka ya ɓata rai. Sannan ka ci, mutuncin kowa ya tsira. Na gyara zama ina jiran tayi na biyu.

Sai ya ce, "To, shi ke nan."

Wallahi mutumin nan ya cinye kazar nan tas a gabana. Ya tsotse ƙashi, ya lashe yatsa, ya karkaɗe kwando, ya ce mini sai da safe. Na bi bayansa da kallo, na ce a raina, wane irin mutane ne waɗannan marasa kara? Da rana ta faɗi na ɗauko burodina ina ci, hawaye yana zubo mini, don takaici ba don yunwa ba.

Bayan kwana biyu aka sake. Ya yi tayi sau ɗaya, na ce na ƙoshi, ya cinye. Na tsane shi a makon nan, Allah ya yafe mini.

Ranar goma ga wata hadari ya haɗu tun safe ya ƙi zuba. Iska ta tsaya cik. Da azahar ina tura amalanke, harshena ya manne a dasashi, sai na ga layukan filin suna lanƙwashewa. Na ji an busa usur can nesa, na ga ƙarti sun taso. Daga nan ban san komai ba.

Na farfaɗo a kwance a kan ciyawa, an sa mini ƙanƙara a wuya. Koci yana tsaye a kaina da kofi. Ɗan Sudan ɗin nan ya riga ya gaya wa wani cewa muna azumi, maganar ta kai kunnensa. Ya ce, "Ka sha wannan yanzu, ko kuma gobe kada in gan ka a filina. Ba wanda zai mutu mini a nan."

Na san addini ya yi mini rangwame a irin wannan hali. Na sani sarai, ni da na koyar da shi. Amma fuskar tsohon nan a tashar Funtua nake gani. Na damƙe leɓɓana. In na sha, alkawari ya tafi. In na ƙi, aiki ya tafi, da gado, da karatun gaba ɗaya.

Sai wata inuwa ta rufe ni. Lemuel ne. Ya ce, "Koci, bar mini shi zuwa gobe." Bai jira amsa ba ya saɓa ni a kafaɗa kamar buhun gero, ya kai ni ɗakin wanki, ya kunna fanka ya juya ta kaina.

Da yamma ya dawo. Ya zauna a bakin baho ya ce, "An ce in rana ta faɗi kuna ci. Kai me kake ci?"

Na nuna masa burodi da kwalba.

Ya dube su, ya dube ni. "Kwana goma? To ba na yi maka tayin kaza ba? Ka ce ka ƙoshi!"

Na ce, "Sau ɗaya ka yi."

"Sau ɗaya kamar yaya?"

Na yi masa bayani, ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Na ce a wurinmu amsar farko ba amsa ba ce, ladabi ne. Mai abinci shi ne zai nace. Ya kalle ni, baki buɗe. Sannan ya dafe kai da hannu biyu.

"Wato ina zaune ina tsotsar ƙashi, kai kana mutuwa? Ya Ubangiji! In mahaifiyata ta ji wannan sai ta kashe ni." Ya ɗago. "To sau nawa ake yi?"

Ni ban taɓa ƙirgawa ba. Na ce, "Ka ce uku."

Washegari, rana tana faɗuwa, sai ga shi da kwano a rufe. Ya tsaya a gabana ya ƙame kamar soja, ya ce, "Sule, ci. Sule, ci. Sule, ci." A jere, ko numfashi babu, bai ma ba ni damar in ƙi na farkon ba. Ya dire kwanon. Na yi dariya har haƙarƙarina ya yi ciwo, rabona da dariya tun a jirgi.

Ashe a daren jiya ya kira gida. Mahaifiyarsa ta tambayi abin da ba na ci, ta ware sabuwar tukunya wadda naman alade bai taɓa shiga ba, ta ce wannan ta yaron Afirka ce. Ƙaninta da ke kawo kayan lambu kasuwa shi ke sauke kwanon. Na buɗe na ga wake, irin namu sak, fari mai baƙin ido. Ga kuɓewa an soya, ga dafaffen ganye, ga burodin masara da ɗuminsa. Na sa loma ɗaya na ji kamar ina tsakar gidanmu.

Amalanke kuma, daga ranar ban sake tura ta ni kaɗai da azahar ba. Lemuel ya sa abokan sahunsa, kowa da ranarsa. Koci ya gani ya kau da kai. Wata rana ma na ji yana tambayar wani ƙarfe nawa rana take faɗuwa.

Akwai wata magariba da ba na mantawa, wajen ashirin ga wata. Ina ɗaga kofi sai sama ta tsage. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka hau matakala muka zauna a bakin ƙofa, feshi yana dukan ƙafafunmu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa yana tashi, gyare duk sun yi tsit. Ni ina cin wake, shi yana ba ni labarin alfadarin kakansa. Rabin Turancinsa na mutanen karkara ba na ganewa a lokacin, amma ina gyaɗa kai.

Wasan farko na shekarar ya zo ana saura kwana biyu salla. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, 'yan badujala suna juyi, tsofaffin ɗalibai sun zo da iyalansu, hayaƙin gashin nama ya rufe wajen fili. Ana gab da tashi, ana gaba da mu kaɗan, aka ba wannan na ukun da Kabiru yake yabo ƙwallo. Na ga Lemuel ya sunkuya ya ɗebi mutum biyu ya yi gefe da su, hanya ta buɗe har mota ta iya wucewa. Ban san lokacin da na yar da kofuna na haye kan amalanke ba. Da bakin azumi, da Hausa, nake ihu: "Katafila! Katafila mai gyaran hanya! Ture, a wuce!" 'Yan kallon da ke bayana suka ɗauka. Shekara biyu ana rera Ka-ta-fi-la a filin nan, ba wanda ya san ma'anarsa sai ni da shi.

Na cika talatin cif. Ranar salla mu bakwai muka yi idi a kan ciyawa bayan ɗakin karatu, na dawo na rubuta wa mahaifina layi ɗaya: ban sha ko ɗaya ba.

Yanzu azumi cikin sanyi yake zuwa, kafin ka ji yunwa an kira magariba. A masallaci abinci har ya yi yawa, shinkafar 'yan Ghana a nan, ta 'yan Nijar a can, ana roƙon mutane su tafi da shi gida. Kabiru yana kukan ciwon kai don bai sha kofi ba, in dube shi kawai. 'Yan wasa kuma an kafa musu fankoki a bakin fili, ana fesa musu ruwa mai launi a baki. Ban ce wancan zamanin ya fi ba. Amma ina kewarsa, har cikin raina.

Gwiwar nan ce ta ci Lemuel a shekararsa ta ƙarshe. Bai je ko'ina ba, ya yi aiki a kamfanin kujeru har ya yi ritaya, ya koma gonar mahaifiyarsa. Shi ya ɗauko Hajiya daga filin jirgi ranar da ta zo. A wuyansa Kabiru ya fara kallon ƙwallo. Duk azumi sai ya zo shan ruwa gidanmu, kuma ba abin da yake so kamar kunun gyaɗar Hajiya, da tsamiya sosai.

Yau da safe na ɗauki flas na kama hanyar Pleasant Garden. Denise ta tare ni a baranda, idanunta sun kumbura.

"Kawu Sule, yanzu na kai masa ƙwai. Ya ce ya ƙoshi."

Na ce, "Sau nawa kika tambaye shi?"

Ta dube ni. "Sau nawa kuma?"

Na ce ta ba ni kofi.

Lemuel yana kwance ya juya fuska ga bango. Mutumin da ya saɓa ni a kafaɗa, yau bargo ya fi shi kauri. Hoton matarsa yana kan teburi kusa da magunguna. Na ja kujera, na tsiyaya kunu, tururi ya tashi.

Na ce, "Katafila, ga kunu. Sha."

Bai juyo ba. A hankali ya ce, "A'a, na gode. Na ƙoshi."

Maganata ce, kalma da kalma. Na ji kamar an soke ni.

Na ce, "Haba, Katafila. Hajiya ce ta dama tun asuba. Sha mana."

"Na ƙoshi, Sule."

Na buɗe baki in yi na uku, sai na fasa. Tsoro ne ya kama ni. In na faɗa ya ƙi, ba ni da na huɗu. Na zauna riƙe da kofi, agogon bango yana ta bugawa.

Sai na ji gado ya motsa. Ya juyo da ƙyar, ya buɗe ido ɗaya ya dube ni.

"Biyu ke nan," in ji shi. "Malamin makaranta bai iya ƙirga ba?"

Na share fuska da hannun riga. Na ce, "Lemuel, sha."

Ya miƙo hannu. Na tallafe masa kai, na riƙe gindin kofin don kada ya zube. Ya kafa baki, ina jin kukan maƙogwaronsa, ƙwat, ƙwat, ƙwat, kamar a bakin fili.